Rajistar Aji a Ma'aunin Talauci



An ba ni ɗan lokaci in yi tsokaci a kan binciken da masana tattalin arziki ke yi game da samun magidanta da halin rayuwarsu. Zan tsaya a kan rahotanni biyu na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, domin a cikinsu akwai darasin da ya shafi aikinmu kai tsaye.

Na farko shi ne binciken halin rayuwa da aka gudanar tsakanin 2018 da 2019. Ma'aikata sun bi gidaje suna tambayar abin da ake kashewa a kan abinci, sutura, muhalli, magani da karatun yara. Dalilin auna abin da ake kashewa maimakon abin da ake samu shi ne, manomi da ɗan tireda ba su da takardar albashi, kuma samunsu na kaka ba ɗaya yake da na bazara ba. Sai aka yanke iyaka: duk wanda abin da yake kashewa bai kai naira 137,430 a shekara ba, wato kimanin naira 376 a rana, matalauci ne. Da wannan ma'auni aka samu kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasa, kusan mutum miliyan 83, ban da Jihar Borno, wadda rashin tsaro ya hana a sanya ta cikin lissafin. A Legas abin bai kai kashi 5 ba, a Sakkwato kuwa ya kusa kashi 88.

Sai dai wannan ma'auni yana da gurgunta. A ɗauki magidanta biyu masu kashe kuɗi daidai wa daida. Ɗaya yana da famfo a unguwarsu, da asibiti da makaranta kusa da gida. Ɗayan kuwa 'ya'yansa ke yin doguwar tafiya neman ruwa kafin su tafi aji, matarsa kuma a gida take haihuwa saboda nisan asibiti. A takarda matsayinsu ɗaya, amma kowa ya san rayuwarsu ta sha bamban. Masanin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1998, ya daɗe yana nuna cewa jin daɗin mutum yana cikin abin da yake iya yi da rayuwarsa, kuɗi kuwa hanya ce kawai ta kaiwa gare shi. A kan wannan tunani masana a Jami'ar Oxford suka taimaka wajen tsara ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa.

Shi ne hukumar ta yi amfani da shi a rahoto na biyu, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2022, bayan an ziyarci gidaje fiye da 56,000. An duba fuskoki huɗu: lafiya, ilimi, yanayin zama, sai kuma aikin yi da masifun da ke faɗa wa gida. Sakamakon ya nuna kashi 63 cikin ɗari, wato mutum miliyan 133, na cikin talauci. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A karkara kashi 72 ne, a birane 42, kuma yara biyu cikin kowane uku na cikin wannan hali.

'Yan uwa, ga inda maganar ta iso ƙofar ajinmu. A fuskar ilimi ana yin tambayoyi uku. Shin akwai yaron da ya isa shiga makaranta amma ba ya zuwa? Shin akwai babba ko ɗaya a gidan da ya kammala firamare? Shin akwai yaron da ya yi baya da aji biyu ko fiye, in aka kwatanta da shekarunsa? Amsar ta farko da ta uku tana hannunmu kowace safiya idan muka kira suna. Masu bincike sai bayan shekaru suke zagayowa, mu kuwa mun san yaron da ke ɓacewa da zarar an fara shuka, da yarinyar da ba a ganinta ranar kasuwa saboda talla.

Saboda haka ina da shawarwari uku. Na ɗaya, mu riƙe amanar rajista. Wanda ya cika ta da sunayen yaran da ba sa zuwa ya ɓoye ciwon da ake nema wa magani. Na biyu, duk yaron da ya yi mako biyu bai zo ba, mu kai sunansa ga kwamitin kula da makaranta da mai unguwa, mu kuma rubuta dalilin: yunwa ce, aikin gona ne, ko rashin lafiya. Na uku, reshe ya tattara waɗannan bayanai a ƙarshen kowane zango, ya kai su gaban sakataren ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Dokar 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, kuma da hujja a rubuce za mu fi ƙarfin neman a cika ta.

Kada kuma mu manta cewa malami ma magidanci ne. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, a daidai lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Idan za mu zauna da hukuma a kan albashi, mu je da lissafin abin da gidan malami ke kashewa a wata, daga kwanon masara zuwa kuɗin mota, kamar yadda masu bincike ke yi. Koke na baki ana iya musanta shi, amma alƙaluman da aka tattara da gaskiya suna da wuyar turewa.

Allah Ya yi mana jagora, Ya albarkaci yaran da aka ba mu amana.