Daga Ƙauyen Aro Zuwa Gidajenmu: Lambo da Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara, Matasa da Manya



Takardar nan za ta bi sawun likita guda ne, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, don a ga abin da tarihinsa zai amfana mana wajen kula da masu taɓin hankali a gidajenmu. An haifi Lambo a Abekuta a 1923. Ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham ta Ingila, sannan ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. A 1954 ya dawo gida aka damƙa masa asibitin Aro, kusa da garinsu, tun ba a gama gininsa ba. Dokar da ya tarar ta samo asali ne daga ta 'yan mulkin mallaka ta 1916, wadda babban abin da ta tanadar wa majinyaci shi ne a tsare shi.

Lambo bai zauna jiran a gama gini ba. Ya je wurin dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su sauki majinyata a gidajensu bisa kuɗin haya. Sharaɗinsa shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan uwansa, galibi uwa ko 'yar uwa, mai yi masa girki da wanki, mai kwana kusa da shi. Da rana a zo asibiti a karɓi magani, da yamma a koma cikin jama'a. Su kuma ƙauyukan aka kyautata musu ruwan sha da tsaftar muhalli. Abin da ya fi ɗaga wa likitocin zamanin gira shi ne yadda ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, yana sa ido kan abin da suke yi. Hujjarsa a fili take: wurinsu mutane ke fara zuwa, su kuma suka san harshen da za a yi wa majinyaci bayanin ciwonsa ya kama. Kafin shi, Dakta Tijjani Almahi na Sudan ya bi irin wannan hanya da malaman addini a Khartum. A 1961 aka yi taron likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka na farko a Abekuta. Daga baya Lambo ya shugabanci Jami'ar Ibadan, ya kuma riƙe muƙamin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004.

A ganina, ilimin Landan kaɗai ba zai haifar da tsarin Aro ba. Lambo ɗan ƙasa ne, ya san cewa a wurinmu ba mutum ɗaya ke ciwo ba, gida ne ke ciwo, gida ne kuma ke yanke shawarar inda za a kai shi.

Samar da irin wannan likita aiki ne mai cin lokaci. Shekara shida a jami'a, shekara guda ta sanin makamar aiki, shekarar bautar ƙasa, sannan wasu shekaru biyar zuwa shida na ƙwarewa. Ƙididdigar da aka saba kawowa ita ce likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma kullum wasu na haɗa kayansu zuwa ƙasashen waje. A Arewa, mutumin ƙauye sai ya yi tattaki zuwa Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Maiduguri, ko Dawanau a Kano, ko ɗaya daga asibitocin koyarwa. Duk wanda ya ce mu jira likitoci su wadata kafin a fara aiki, ya ce kada a fara ke nan.

Yara su ne suka fi shiga uku a wannan ƙarancin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14. Amma yaro ba ya cewa "raina a ɓace yake". Sai dai ya koma fitsarin kwance, ko ya daina magana, ko ya kasa zama wuri ɗaya a aji, a ce masa daƙiƙi ko mai ƙiriniya, a bi shi da bulala. Yarinya mai farfaɗiya a cire ta daga makaranta don ana tsoron a ɗauka, alhali ba a ɗaukar farfaɗiya. Ga kuma yaran da suka ga kashe-kashe da idonsu a Barno, Yobe, Zamfara da Katsina, waɗanda ke firgita cikin barci shekaru bayan an bar garin. Fannin kula da ƙwaƙwalwar yara ya makara wajen kafuwa a ƙasar nan, ko da yake yanzu akwai cibiyar horaswa a Jami'ar Ibadan wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa. A kan yara ne darasin Aro ya fi ƙarfi, domin ba a yi wa yaro magani ba tare da uwarsa da malaminsa ba, na boko ne ko na allo.

Matasa kuwa mun fi ganin su ta fuskar shaye-shaye. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Sai dai sau da yawa ƙwayar ba ita ce farkon labari ba. Ciwon damuwa ne ko firgici ya riga ta, saurayi ko budurwa suka nemi abin da zai sa su barci. Iyaye da suka rasa yadda za su yi sai su nufi gidan mari. Kowa ya tuna ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa a watan Satumban 2019, wasu da sarƙa a ƙafa. Ba na zargin iyayen nan da mugunta. Ƙofar da suka samu a buɗe ita suka shiga.

Game da manya zan taƙaita kan abu ɗaya: mai jego. Macen da ta haihu ta daina cin abinci, ta ƙi jaririnta, ko ta shiga surutai, yawanci cewa ake iska ce ta taɓa ta. Ciwo ne sananne, yana kuma jin magani idan an zo da wuri. Ungozoma ce ta fi kowa damar gane shi.

Ba ina kira a bar addu'a ko ruƙiyya ba, kuma Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba. Iyaka ya shata musu. Malamin da aka kawo wa majinyaci ya yi masa addu'a, ya kuma tura shi asibiti. Duka da ɗauri da hana abinci kuwa ba magani ba ne a kowane tsari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sanar da sa mata hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi. Tun 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin mhGAP, na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan cututtuka da fara maganinsu.

Roƙona ga gwamnatocin jihohinmu shi ne su horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi kan wannan tsari cikin harshen Hausa, su kuma tabbatar da magungunan suna nan a kan farashin da talaka zai iya. Iyayenmu sarakuna da limamai, muna roƙon ku yi wa jama'a bayani a fada da kan mumbari cewa wanda ya kai ɗansa asibitin ƙwaƙwalwa bai tona asirin gidansa ba.