Mai Faɗin Magana Ba Kara a Wajen Sana'a

Yau zancenmu a kan manya ne masu larurar nan da likitoci ke kira otizim, wasu kuma su ce galahanga. Ba aikin iskoki ba ne, ba sammu ba ne. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa, kuma da shi ake girma. Tun 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ke tunawa da su kowace 2 ga Afrilu.

To, a ce kuna ɗinki a tsakar gida, ke da ƙanwar maigidanki mai wannan larura. Ta ɗaga rigar da kika gama, ta ce, "Hannun nan ya karkace." Ba sannu, ba kara. Sai ranki ya ɓaci, ki ce raini ne. Alhali yawancinsu maganar da aka lulluɓe, irin habaici da gugar zana, wuyar ganewa take musu, shi ya sa su ma ba sa lulluɓe tasu. Rashin haɗa ido kuwa, wannan a wajenmu ai kunya ce.

Ke kuma 'yar uwa mai larurar, ba a ce ki haɗiye gaskiya ba. Ki bari mai kayan ta fita tukuna, sannan ki ce, "Anti, in nuna miki wani abu?" Ki tsaya a kan hannun rigar, ban da mai ɗinkin, kada kuma ki shiga koya mata abin da ta riga ta iya. Tun farko ma ki gaya mata, "Haka maganata take. In na ɓata miki, ki faɗa mini a fili."