Mai Sa Ido a Zauren Jarrabawa: Shaida Ne, Ba Alƙali Ba



Tun daga 2006, lokacin da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, wadda yanzu take ɗauke da sunan Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, 'ya'yan manoman albasa na garin, da na fataken kasuwar Jega, da na talakawan Maiyama, suka sami ƙofar ilimi mai zurfi a kusa da gida. Amma kusancin nan, duk da alherin da ke cikinsa, ya ɗora wa malami nauyi babba, domin kuwa wanda aka ce ya sa wa ido ranar jarrabawa, sau da yawa ɗan maƙwabcinsa ne, ko ɗan surukinsa, ko jikan limamin da ya raɗa masa suna.

Ƙa'idojin da jami'o'in ƙasar nan suka saba da su ba ɓoyayyu ba ne. Mai sa ido ya riga ɗalibai isa zaure; ya karɓi takardun tambayoyi a liƙe, ya buɗe su a bainar jama'a; ya duba katin shaidar kowa, ya haɗa hoto da fuska; ya raba su da wayar hannu da duk wani rubutu; kowa ya sa hannu a rajista; sa'an nan kada ya bar wurin sai ya ƙirga takardun amsa ya ga adadinsu ya yi daidai da na masu sa hannu.

Wurin da na fi so mu tsaya shi ne sa'ar da aka kama ɗalibi da satar amsa. A nan ƙa'ida ta ce a karɓe abin da aka same shi da shi, a rubuta bayani nan take, shi ma ya rubuta nasa, wani malami ya shaida, a miƙa wa kwamitin bincike. Hikimar wannan tsari ita ce mai sa ido shaida ne kawai: ba shi da ikon yafewa don kunyar iyaye, ba shi kuma da ikon wulaƙantawa don fushin zuciya, kuma idan masu roƙo suka yi masa sallama bayan isha'i, yana da hujjar cewa magana ta riga ta bar hannunsa. Dokar magudin jarrabawa ta 1999 ma ta fi tsananta hukunci a kan malamin da ya ci amana fiye da ɗalibi.

Malaman fiƙihu sun haramta algus a ciniki, wato a ɓoye ruɓaɓɓen kaya a ƙarƙashin mai kyau. To, wanda ya fita da takardar shaidar da bai cancanta ba, ko daga Aliero ko daga makarantar koyon aikin lafiya ta Jega, algus ne aka sayar wa al'umma, kuma watakila mahaifiyar wanda ya kau da kai ce za ta fara karɓar allura a hannunsa.

Saboda haka ina kira ga hukumomi da su riƙa karantar da sababbin malamai waɗannan ƙa'idoji kafin kowane zango, su wadata zauruka da masu sa ido, su kuma tsaya wa duk wanda ya faɗi gaskiya idan aka taso masa. Allah Ya ba mu ikon sauke amana.