Jawabin Magatakardan Kotu Game Da Tsare Yara Daga Injunan Gona

Iyayena hakimai da alƙalai, da dagatai da masu unguwa, da dukan dattawan da suka yi wa En'e aiki:

Ku ne shaidu, a zamanin En'e makaman manomi fartanya ne da garma da lauje. Ko da aka fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu a wajen 1928, haɗarin bai wuce tunkuyi ko yankan ƙarfe ba. An rufe babin En'e da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aka kuma kafa Jihar Jigawa a 1991. To, amma hakimi da dagaci da mai unguwa suna nan, har yanzu su ne idon jama'a. Abin da ya sake shi ne gonar. Daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, har Babura ta bakin iyaka, yau akwai tarakta da injin casa da injin niƙa da na ban ruwa. Sun rage wahala ƙwarai, amma inji bai san ɗan mai shi ba.

Ku duba sandar nan da ke juyawa a bayan tarakta tana tuƙa injin casa. Bisa ƙa'ida takan juya sau 540 a minti ɗaya, watau sau 9 a sakan ɗaya. In ta kama bakin babbar riga, ko jelar rawani, ko mayafin yarinya, kafin mutum ya buɗe baki ya yi ihu ta naɗe shi. Haka bel ɗin injin niƙa yake in an cire masa murfi. Sa'an nan sau da yawa yaro ake sa wa ya tura damin gero ko dawa cikin bakin inji, in ya cushe kuwa sai ya sa hannu ya zaƙulo alhali injin bai tsaya ba. Tarakta kuma kujera ɗaya maƙeranta suka yi mata. Yaron da aka ɗora a gefe, gargada ɗaya ta isa ta jefa shi ƙarƙashin taya. Injin ban ruwa da aka tayar cikin rijiya ko rami hayaƙinsa yana ɗauke da guba mai kisa, wanda ya shiga ceto ma yakan faɗi tare da na farko.

Shari'a ba ta yi shiru a kan wannan ba. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, mai jan dabba da mai kora ta da mahayinta suna da lamunin abin da ta taka. Diyyar rai raƙumi 100 ce, ta hannu ɗaya rabin haka, ta kowane yatsa raƙumi 10. In mai kora jaki ba ya kuɓuta, ina ga mai tuƙa tarakta? Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aiki, sai fa mai sauƙi na gona ko na gida a hannun danginsa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuwa, cikin yarjejeniyarta ta 184 ta 2001, ta ce aikin gona mai haɗari sai ɗan shekara 18. Amma duk abin da alƙali ya yanke, yatsa ba ya tsirowa. Aikin kotu a bayan ɓarna yake zuwa, naku shi ne a gabanta.

Saboda haka ga roƙona. Kafin kaka, kowane dagaci ya tara masu injuna na ƙasarsa ya gargaɗe su da waɗannan:

1. Kada a tayar da inji sai bel da sanda suna rufe.
2. Kada a sa hannu cikin inji sai an kashe shi ya tsaya cik.
3. Mai aiki ya tuɓe babbar riga, ya sa taguwa mai kama jiki.
4. A shata layi a masussuka wanda yaro ba zai ƙetare ba, a sa babba ya tsare.
5. Kada a ɗauki yaro a kan tarakta, direba kuma ya zaga ta kafin ya ja da baya, ya zare makulli in ya sauka.
6. Maganin feshi ya zauna cikin mazubinsa a kulle, kada a juye shi a kwalbar lemo.

In ƙaddara ta auku, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, kada a zuba ƙasa ko toka, a garzaya babban asibitin Kazaure ko na Babura, ko wanda ya fi kusa.

Ban ce a raba yaro da gona ba, gama ɗan da bai koyi noma ba ya yi asarar gado. Ya yi shuka, ya yi tsince, ya kai abinci, inji kuwa a bar wa manya. Iyayenmu na En'e sun san kowane gida na ƙasarsu da yawan mutanensa. In kuka san kowane inji da mai shi haka nan, za a kai amfani rumbu yara suna da yatsunsu goma.