A Cire Baho a Sa Shawa, Amma a Duba Abin da ke Ƙarƙashin Tayil

Shugaba, iyayenmu, 'yan'uwa maza da mata, na san wasu za su ce me ya haɗa likita da aikin famfo. Ku yi mini haƙuri na minti biyar.

Bara na kawo Hajiyarmu nan Alƙahira aikin gwiwa, ta zauna wurina a Ma'adi. Gidan tsohon gini ne, banɗakinsa da bahon wanka, wanda Misirawa ke kira banyo. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau matakala, ita za a ce ta tsallaka bakin baho mai santsi kullum. A asibiti mun san ƙarshen wannan: karayar ƙashin ƙugu, wadda tsofaffi da yawa ba sa komawa tafiya yadda suke bayanta. Na nemi izinin mai gida, na kira mai aikin famfo ya cire bahon ya sa shawa. Wannan shawara har yau ina kanta. Kuskurena shi ne na tsaya zaɓen launin tayil, ban tambayi abin da ya binne ba.

Baho yana tara ruwa, yana da ramin da ke ɗauke rara idan ya cika, saboda haka ƙaramin bututu mai inci ɗaya da rabi ya ishe shi. Shawa ba ta da wurin tara ruwa. Abin da ya zubo dole ya wuce nan take, shi ya sa ake so bututunta ya kai inci 2, kusan milimita 50, ƙasan kuma ya gangara wajen magudana da kamar santimita 2 a kowace mita. Mutumin nan ya jona a tsohon bututu ya rufe. Cikin mako biyu ruwan sabulu yana kwanciya a ƙasa. Santsin da na gudu ya dawo, sai dai yanzu ba bakin da za a dafa.

Abin da ya fi damuna kuwa wari ne. Ƙarƙashin kowace magudana ya kamata a sami lanƙwasa mai kama da harafin U, a nan suna ce mata sifon. Ruwa kamar santimita 5 yana zama a cikinta, shi ne ƙofar da ke tare iskar masai da kyankyasai. Don ya sami gangara ba tare da fasa siminti ba, sai ya cire ta gaba ɗaya.

Kada a ɗauka wari ne kawai. A shekarar 2003, a rukunin gidaje na Amoy Gardens da ke Hong Kong, sama da mutum 300 suka kamu da cutar SARS. Masu bincike sun gano cewa lanƙwasar magudanan banɗakunan ta bushe, fanka mai fitar da iska kuma tana jawo tururin bututun masai zuwa cikin gida. Tun da na karanta wannan nake kallon ramin banɗaki da wani ido.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mu nawa ne a nan muka gina gida a gida muka kulle, sai hutu ko Sallah? Ko lanƙwasar tana nan, watanni na hunturu da bazara sun isa su busar da ita. Ku sa mai gadi ko ƙani ya zuba buta ɗaya a kowace magudana duk mako biyu.

Da aka sake aikin, na tsaya a kansa. Aka fasa, aka sa bututu mai inci 2 da lanƙwasarsa, aka shafe ƙasa da abin hana yoyo har ya hau bango, aka toshe aka cika ruwa kwana biyu. Na sauka da kaina wurin maƙwabcin ƙasa na duba silin ɗinsa kafin a ɗora tayil ko ɗaya. Tayil ɗin mai kaushi ne, da ƙarfen dafawa a bango da kujerar roba. Kuɗin ya ninka na farko. Hajiya ta koma gida da ƙafarta bayan wata uku.