Siminti da Idon Yaro Wajen Gyaran Gida



Da zarar damina ta ƙarato, ko kuwa salla ta gabato, maigida yakan tashi gyaran gida, a yi yaɓe, a toshe tsagar katanga, a shafa farar ƙasa. 'Ya'yansa ne ke ɗebo ruwa, su kwaɓa siminti, su miƙa bokiti sama. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma ba nufina ba ne a hana ta. Abin da nake so mu duba shi ne idon yaron.

Siminti, da farar ƙasa irin wadda ake yi da toyayyen dutse, suna ɗauke da sinadari mai ci, dangin sodar da ake haɗa sabulu da ita. Idan ya faɗa ido sai ya jiƙe da hawaye, ya yi ta ratsawa ciki, har ɓarnarsa takan fi ta ruwan batir. Ƙarshenta hakiya ta rufe baƙin ido. Yaro kuwa shi ne a ƙasa, fuskarsa a sama, duk abin da ya zubo a kansa yake sauka. Bugu da ƙari, ganin yaro ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 7 zuwa 8, saboda haka idon da ya daɗe a dushe kafin nan yana iya rasa ƙarfinsa har abada.

To, mene ne abin yi? Da farko, kada a tsai da yaro ƙarƙashin mai yaɓe ko mai fenti. A saya masa tabarau na aiki mai rufe gefe, ba na ado ba. Idan tsautsayi ya auku, kada a bar shi ya murza. A buɗe idon, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta nan take, na akalla minti 20, sa'an nan a nufi asibiti. Kada a ɗiga nono, ko ruwan ganye, ko a sa kwalli. In kuwa ɓarɓashin ƙarfe ne ya soke idon, kada a wanke, kada a cire. A kifa ƙaramin kofi a kai, a garzaya wurin likitan ido, kamar na Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Ina roƙon malaman makaranta da jami'an lafiya da ke nan su kai wannan bayani unguwanninsu kafin a shiga yaɓen bana.