Jawabin da na yi ranar bikin cikar shekarar ƙungiyarmu: lomar da ta ƙi wucewa

Hajiya shugaba, iyayenmu, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan rana. An ce in yi magana a kan asusun lafiya, ni kuwa da labarin ƙanwata zan fara, da yardarta.

Wajen shekara biyu, in ta haɗiyi tuwo sai ya tsaya mata a ƙirji. Daga baya har koko da ruwa suka fara tsayawa. In ta kwanta da dare, abincin ya dawo yadda ta ci shi, ga tari. Ta rame, zani ba ya zama a ƙugunta. Wasu suka ce olsa ce, wasu suka ce jifa. Ribar barkonon da na sayar a kasuwar Darki ta tafi wajen jiƙe-jiƙe da maganin kemis.

Da muka je asibiti a Wudil, aka tura mu Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. An ba ta wani farin ruwa mai kauri ta sha aka ɗauki hoto, sai ga ƙarshen hanyar abinci ya tsuke kamar bakin tsuntsu. An kuma zura siririyar na'ura mai kyamara, a tabbatar ba ciwon daji ba ne. Sunan ciwon akalasiya. Da hannuna na rubuta shi, albarkar ajin yaƙi da jahilci.

Ga yadda na fahimta. Inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wani nama da ke buɗewa in loma ta zo. Jijiyoyin da ke ba shi umarni ne suka lalace, sai ya zauna a ɗaure kamar bakin buhu. Jijiyoyin ba sa dawowa, amma ana kwance ɗaurin.

Akwai ƙwayoyin da ake sha kafin cin abinci, sai dai sauƙinsu kaɗan ne, suna kuma sa ciwon kai. Akwai allurar Botox da ake yi wa wurin, tana aiki wata shida zuwa shekara, an fi yi wa tsofaffin da ba za su jure aiki ba. Akwai balan-balan da ake zurawa a hura ta buɗe wurin; wani lokaci sai an maimaita, kuma nadiran takan yaga hanyar. Sai tiyata, a tsaga naman da ya ɗaure. Wani likita Bajamushe, Heller, ya fara ta a 1913, ita ce kuma ke daɗewa. A Japan ma an ɓullo da yin ta ta baki, ba a yanka ciki.

Ƙanwata tiyata aka yi mata. Yanzu tana cin tuwonta, sai dai takan yi ƙwarnafi, don haka tana tauna sosai, tana kurɓar ruwa, ba ta kwanciya da ta gama ci.

'Yan uwa, abin da ya jinkirta mu kuɗin mota ne da na gwaji. Shi ya sa nake roƙon duk ranar zubi mu ware wani abu a asusun lafiya. In kin ga 'yar uwa loma na tsaya mata tana ramewa, ki kama hannunta ku tafi asibiti.

Allah ya ba mu lafiya, ya ƙara mana haɗin kai.